Harsashin da Na Ɗura Shekarar Fari

Jiya na buɗe tsohuwar adakata, sai ga wani harsashi da na ɗura da hannuna. Sai da na nemi wuri na zauna.

Shekarar babban fari, a Gangara, ina gindin rumbuna ina ɗura albarushi da darma a tsofaffin kwansunan ƙaramar bindigar da na gada wurin babana. Sai ga Bello, Bafulatanin maƙwabcinmu da shanunsa suka ƙare, riƙe da ƙwarya babu komai.

"Malam Idi, wa kake wa wannan tanadi?"

"Mayunwatan da za su taɓa mani rumbu."

Ya dubi ƙwaryarsa, ya ce, "Allah ya tsare." Ya juya.

Ban kira shi ba. Washegari ya kwashi iyalinsa suka yi kudu, ban ƙara ganinsa ba.

Ku fa, wace magana kuka furta da har yau kuke jin kunyarta?