Ranar da Tahiru ya je Gazawa neman abinsa

Ƙanena Tahiru tun yana ƙarami ba ya son a taɓa masa kaya. Ko ƙwaryar furarsa ka matsar, sai ya kumbura baki. Shi ya sa da ya dawo Gidan Rumji daga karatu, yana ta ba mu labarin wai ya shiga jama'ar masu rubuta manhaja a buɗe, wadda kowa ke iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, "Kai ɗin? Kai da ko cokali ba ka ara wa mutum?"

"Yaya, ba za ki gane ba," in ji shi.

Kai, waɗancan shekarun sun yi daɗi. Wani kamfani na ƙasar waje ya buɗe wa irinsu rumbu a intanet, inda suke ajiye aikinsu kyauta, ya haɗa musu da kayan rubutu da na gwaji. Tahiru ya kama ɗan shago kusa da tasha, ya sa tsofaffin kwamfutoci da butar shayi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofa ana gardama ana dariya har ya dawo. Yau gero ake tarawa a shagon, in na wuce ba na son waiwaya. A nan ya rubuta manhajarsa, wadda ke aika wa masu dabbobi saƙo a salula in lokacin allurar rigakafi ya yi. Awakina ma sun ci moriyarta.

Cikin waɗanda ya koya wa aikin akwai Hafsatu, ɗiyar makiyaya, wadda daga baya ta samu aiki a buro, wato ofishin kula da dabbobi, a Gazawa. Ta roƙe shi a mai da saƙon na murya, a ƙara Fulatanci, don yawancin danginta ba su yi lakol ba, ba su iya karanta saƙo. Ya ce ta jira. Ta jira har ta gaji. Sai ta yi abin da ƙa'idar jama'arsu ta yarda da shi: ta kwafi manhajar, ta buɗe nata reshe, ta ci gaba.

Wayyo, ina wuta Tahiru ya jefa ta! Abokan aikinsu na wasu ƙasashe barka ma suka yi mata. Amma shi ɗan gidan noma ne, kuma a gidanmu in ƙane ya ce a yanka masa gonarsa daga gandu alhali babba na raye, zumunci ya taɓu ke nan. Haka ya ɗauki abin. "Ta raba mini gandu ina da rai," kullum maganarsa ke nan. Ya daina ɗaukar wayarta. Bikinta ma bai je ba, ni na je na sha kunya a madadinsa.

Ana nan aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka ce za su rufe rumbun, kowa ya kwashe kayansa. Sanarwar ta zo Tahiru na kwance asibiti a Maraɗi. A daminar nan kuma rufin shagon ya rufta a kan kwamfutocin. Da ya miƙe, babu komai, aikin ƙuruciyarsa duk ya tafi. Makiyaya na tare shi a kasuwa suna tambayar mi ya sa saƙo ya daina zuwa. Na ga ƙanena zaune a zaure, shayi na hucewa a gabansa. Wallahi ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

Na ce, "Tashi mu je Gazawa. Girman kai ba zai yi wa akuya allura ba."

A mota yana ta shirya maganarsa. Har muka wuce Agiye ina jin shi yana maimaitawa ƙasa-ƙasa: abinsa ne, ta mayar masa da abinsa.

Hafsatu ta rusuna ta gaishe shi kamar ba a taɓa yin komai ba. Ita ta kwashe nata reshen zuwa wani rumbu tun da wuri. Ta juyo masa da allon kwamfutarta. Ya daɗe yana dubawa. Aikinsa na nan ciki, amma ya yi girma, hannun mutane da yawa ya shiga, wasu wuraren ma bai gane su ba. Ina kallonsa ina jiran maganar da ya shirya.

Ya share ido da gefen rigarsa, ya ce, "Hafsatu, akwai wurin da zan kama?"

"Malam," in ji ta, "mutanen yamma, can wajenku, ba su samun saƙo, kuma ba mu da wanda ya san wannan ɓangaren."

Ta miƙe ta ba shi kujerarta. Ya ƙi hawa. Ya jawo wani ɗan benci ya zauna gefenta, ya cire hularsa ya ajiye, ya ce ta nuna masa inda za ya fara.