Hannun da Ya Ƙi Shiga Ruwa

A garkar albasa aka yi mini baftisma, kusa da Tsarnawa, a tsakiyar rani. Lokacin ina ƙaramin akawu a buron noma na Birnin Konni, shekara guda da karɓar Yesu Almasihu. Masu bi ba mu da yawa: malaman asibiti biyu, wani jandarma da iyalinsa, sai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da kowa ke kira Inna. Tafkuna duk sun ƙafe, shi ya sa fastonmu ya roƙi wani mai garka, Musulmi, abokin hirarsa, ya ara mana kwarmin simintin da yake tara ruwan ban-ruwa. Mutumin ya yarda, amma mu gama da wuri, albasarsa na jira.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A damtsena na dama akwai laya, wadda mahaifiyata ta ɗaura mini ranar da na bar garinmu Tajaye. Gargaɗinta ɗaya ne: kada ruwa ya taɓa ta, in ta jiƙe ta lalace. Kullum in zan yi wanka sai in rataye ta a ƙusa, in na gama in mayar. Na gaskata Yesu ya cece ni, da gaske nake. Amma na riƙe layar, saboda ko da wani abu. Ran nan ba ƙusa, ba kuma inda zan kwance ta ba a gani ba. Na bar ta cikin hannun farar rigata.

Ruwan iya gwiwa ya tsaya. Ni dogo ne, fasto gajere. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba dabara sai in kwanta rigingine, shi ya tallafe mini ƙeya. Aka ɗauki waƙa. Ya yi addu'a, ya kwantar da ni, ruwa ya rufe fuskata. Na taso ana tafi, sai muryar Inna ta keto:

"Fasto, hannu bai shiga ba!"

Ashe hannuna na dama yana sama, miƙe kamar na ɗan lakwal da ya san amsa a aji. Wallahi ban san na ɗaga shi ba.

"Inna, ai ya isa," in ji jandarma.

"Ya isa mi? A kai mutum sama, a bar hannunai nan Tsarnawa?"

Aka tuntsure da dariya, har fasto. Aka sake. Na ce wa hannun ya zauna lafiya. Na nutse, na taso, na ishe matar jandarma ta durƙusa tana share hawayen dariya da gefen zane. Hannun ya sake fita.

Mai garka, da ke tsaye can da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Fasto, in wanga dogon bai wankuwa, ku sake mini ruwana."

Fasto ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, mi ke ga hannun nan?"

Na naɗe hannun riga. Dariya ta ɗauke. Na jira faɗa, ban samu ba.

"Ba ni danne maka shi," ya ce. "Allah bai ƙwace. Abin da ka miƙa, shi ya ke karɓa."

Na dubi layar, fatarta ta yi baƙi da gumin shekara huɗu. Na tuna yatsun mahaifiyata suna ƙulla igiyar. Sai kuma na hango kaina yadda suke ganina: ƙato kwance cikin ruwan albasa, ya ba Allah komai ban da damtse ɗaya. Dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa. Ina cikinta na saki jiki, na kwanta. Na ji sanyi ya bi hannun har yatsu. Na taso ina tari, ina dariya, Inna na rangaɗa guɗa, mai garka ya riga ya zare toshiyar kwarmin, ruwan baftismata ya bi layukan albasa a guje.

Ba ranar aka gama da ni ba. Daga baya na tarar da wasu hannayen: fushina, son girma a buro, tsoron abin da dangi za su ce. Kowanne sai da aka yi ta fama kafin ya nutse, wasu har yau suna leƙowa.

Layar kuwa na kai wa mahaifiyata da kaina, mako biyu bayan haka. Ta juya ta a tafin hannu, ta ga ta kumbura.

"Ka jiƙa ta."

"Na jiƙa ta."

"To wa ke tsaronka yanzu?"

Na gaya mata. Ta jefa layar cikin kwanon da take ajiye allura da zare.

"Shi tsare ka da kyau, in ba haka ba ni da shi ne," ta ce, ta turo mini ƙwaryar fura.