Ilu Mai Zabibi Ya Riga Ni Kwanciya a Makka

Azumin bana ya cika shekara goma sha ɗaya da muka sallaci Ilu a Harami. Ɗan wan mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi a Maraɗi, kuma tun muna yara nake kishinsa. Na zaci mutuwa za ta raba ni da wannan ciwo, ashe ƙara shi za ta yi.

Shi ya fara fita duniya. Yana saurayi ya tsallaka Faransa, ya yi kaka uku yana tsinkar inabi a wata tsohuwar gona da ake yin giya mai zaƙi. Ni ko ina gida ina karatun allo, ina ce wa mutane Ilu ya ɓata. A raina kuwa, da ni aka ba kuɗin jirgi da tuni na wuce.

Labarin gonar nan na ji shi har na haddace. Dangi ɗaya ke riƙe da ita kaka da kakanni. Wai wani kakansu ne ya yi tafiya, ya hana a yi girbi sai ya dawo. Ya makara, ya tarar inabin ya yi fumfuna ya yanƙwane. Da aka matse shi don kada a yi asara duka, sai ga zaƙin da ba su taɓa ji ba. Tun daga nan da gangan suke jira. Hazon kogi ya lulluɓe gona da safe, da yamma rana ta busar da ita, fumfunar ta tsotse ruwa ta bar zaƙi. Masu tsinka su bi da almakashi suna zaɓar ƙwayar da ta yi, su bar saura sai wani zagayen. Ruwan gindin inabi guda da ƙyar ya cika kofi. Sannan a rufe a gangunan katako shekara da shekaru. Shekarar da abin bai yi ba, mai gona ba ya yarda a sa sunan gidansu a kwalba.

Ilu ya rantse bai taɓa kai giyar baki ba, na kuma yarda da shi. Amma abin ya tsaya masa a rai, ya zo Hajji neman gafara, bai koma ba. Na biyo shi daga baya. Muka kafa tebura gefe da gefe a unguwar Tandabawi, nan Makka, muna sayar da ruwan zabibi, zabibinmu ɗaya, ƙanƙararmu ɗaya. Shi sai ya baje nasa a faranti yana tsince shi ɗaya-ɗaya, ni har na gama tacewa. Kafin magariba layi na gabansa. Ranar da jiƙon bai yi masa ba, sai ya kife tulu ya nuna ni: "Khalas, shi ke nan, yau babu. Ku je wajen yayana." Yayan ma ba ni ba ne, shi ya girme ni. Haka nake cin ragowar cinikinsa ina godiya, zuciyata na tafasa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni na yi wa Ilu takin da ya ishe shi.

Da zai leƙo yau, ban san ko zai gane layinmu ba. Samarin da aka haifa nan sun fi son lemon gwangwani, in ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Tsofaffin da suka rage in sun kurɓi nawa sai su ce, "Allah ya jiƙan Ilu." Ni na jiƙa, ni na tace, addu'a ta tafi wajensa. Na san da dariya zai yi, ya ce in rage gaggawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙasar da yake kwance. Ba ni da igama, takardar izinin zama, binciken 'yan sanda ya tsananta, ƙafafuna sun fara kumbura. 'Yata ta matsa daga Maraɗi in dawo a kula da ni. Na san gaskiya ta faɗa. Amma mutumin da ya yi wa masu giya aiki ya samu sahu bayan sahu na masu yi masa sallah a gaban Ka'aba, ni da ban taɓa ganin kwalbar ba ina shirin komawa a binne ni a bayan gari. Astagfirullah. Allah ba a yi masa shisshigi, kuma na shaida Ilu ya fi ni haƙuri da tsoron sa wa mutane abin da bai yi ba a baki.

Me ya rage nasa? Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Kaburburan nan ba a rubuta suna, ko nasa ba zan iya nuna maka ba. Sai hannuna, da ya koyi tsintar zabibi ba da sonsa ba.

Na ce wa 'yata sai bayan Hajji zan dawo. Bara ma haka na ce mata. Duk sallar da aka idar a Harami aka yi kiran jana'iza, nakan miƙe in bi sahu, ina kallon masu ɗauke da makara, ina roƙon Allah ya sa su riga 'yan sanda zuwa kaina.