Yadda na tankaɗe surukina

Shekarar da na kama aiki a buro, wato ofishi, na wata ƙungiyar manoma a Agiye, kaina ya kumbura, don na iya rubuta wa kwamfuta umarni. Shugaban buro ya ba ni jerin manoman da za a raba wa irin hatsi mai saurin nuna kafin ruwan shuka. Ya ce wasu sun yi wayo sun shiga sau biyu, in cire su.

Aikin ba wuya. Akwai wani umarni da ake kira filta, kamar rariya yake. Za ka rubuta 'yar tambaya guda ka miƙa masa, shi kuma ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana yi musu ita. Wanda amsarsa e ce ya tsaya, saura su zube. Tambayata ita ce: wannan ne na farko mai wannan suna da wannan ranar haihuwa? Layi uku kacal. Na danna, na tashi shan shayi ina hura hanci.

Abin da na manta, ni ɗan ƙasa, tsofaffinmu ba su san ranar haihuwarsu ba. Mai yin takarda kan dubi fuska ya kintaci shekara, ya rubuta ranar farkonta. Sunaye kuwa, nawa gare mu? A ƙauyen matata kaɗai tsofaffi huɗu ne masu suna ɗaya, shekara ɗaya, rana ɗaya. Filta ya bar ɗaya ya zubar da uku. Cikin ukun har da surukina.

Ran rabo ya zo da amalanke, ya bi layi tun safe. Mai rabo ya duba ya ce babu shi. Tsohon ya ce, "To wa ke tsaye gabanka?" Wani uban shisshigi ya sanar da shi mijin 'yarsa ne ya yi jerin. Ina leƙe ta taga, kunya kamar in nutse. Na fito na durƙusa na ce, "Baba, kuskure ne, zan gyara." Ya ce, "Ba komai," ya juya jakinsa.

Na ƙara lambar katin shaida cikin tambayar. Kafin sabon jerin ya fito iri ya ƙare, ruwa ya sauka. Surukina ya shuka tsohon irinsa, damina kuma ta ɗauke da wuri. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Da kaka, duk da haka, ya aiko mana da damin hatsi yadda ya saba. Matata ta isar da saƙo: "Baba ya ce a gaida mai kwamfuta. Ya ce ka yi haƙuri da kaɗan, daga wanda babu shi ne."