Kwalabe Biyu na Kawu

Jiya ina kakkaɓe adaka sai ga hoton nan, na zauna ina tuna kawuna, mai ɗaukar hoto a Tudun Wada.

Lokacin maigidana yana aikin layin dogo a Ƙauran Namoda, bai taɓa ganin ɗanmu ba, sai na so in aika masa da hotonmu ta jirgin ƙasa. Fim ɗaya ya rage wa Kawu, da shi ya ɗauke mu. Sannan ya fito da kwalabe biyu na maganin wanke hoto, masu wari kamar jiƙon tsamiya.

Na ce, "Kawu, sa mai saurin, jirgi zai tashi bayan la'asar."

Ya yi dariya. "Wannan na fuskar Bature ne, 'yar nan. Zai fito da farin zani, ya mai da ɗanki gawayi. Fuskarmu ba ta son gaggawa."

Ya sirka ɗayan da ruwan randa, ya shiga ɗakin duhu, ina jiyo shi yana auna lokaci da salati. Jirgi ya tafi, hoton ya bi na gaba.

Amsa ta zo: "Lotsawar kumatun nan tawa ce, ki gaya wa kowa."

Allah ya haskaka kabarin Kawu yadda ya haskaka fuskar ɗana.