Kwat ɗin da Tsinke ta saka

Tsinke 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Idan yau ka shiga ƙaramin asibitin unguwarmu, ita ce nas ɗin da za ta ɗora ka a kan sikeli, ta rubuta nauyinka a kati, tana jan ka da hira kamar kun shekara goma da sanin juna. Tsofaffi suna sa mata albarka, yara ba sa kuka in ita ce mai allurar. Haihuwarta huɗu, amma har gobe rigunan da ta ɗinka tana budurwa suna shigarta. Ina son ta, kada a ce ban faɗa ba. Sai dai shekara talatin ke nan ina jin haushinta, kuma ba ta taɓa ganewa ba.

An kawo ta gidanmu tana 'yar shekara shida, lokacin da aka yi wa iyayenta canjin wurin aiki zuwa inda babu makarantar kirki. Wata huɗu kacal na ba ta, amma Umma ta ce Yaya za ta riƙa ce mini. Ranar da kakarmu ta gan mu tsaye a bakin ƙofa, ni gajera kakkaura, ita doguwa siririya, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Oh ni jikar mutum huɗu, ga tulu ga tsinke!" Shi ke nan sunayen suka bi mu. Ita nata bai dame ta ba, ni kuwa duk wanda ya ce mini Tulu sai mun kwana biyu ba ma magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cin da take yi. Za ta share farantinta, ta kankare ƙanzon tukunya, ta tambayi Umma ko akwai saura, amma ban san inda abincin yake zuwa ba. Ni ko ƙamshin burodi na shaƙa sai siket ya matse ni.

Makarantar kwana ɗaya aka kai mu, aji ɗaya, gadonta a saman nawa. A nan na samu inda na fi ta. Ni ce ta ɗaya kowane zango, ita kuma ta takwas ko ta tara, ko a jikinta. Ita dai a bar ta da ƙananan yara. Wadda zazzaɓi ya kama, wadda take kukan gida, duk a gefen gadon Tsinke za ka same su.

Makarantar tana da kwat guda ɗaya na shugabar ɗalibai, shuɗi mai duhu, da maɓallai uku masu ruwan zinare da bajo a aljihu. An ɗinka shi ne tun zamanin shugabar farko, ba a kuma sake ɗinka wani ba. Kowace shekara, a taron safe, mai barin gado za ta cire shi ta saka wa sabuwa, ta ɓalla mata maɓallan a gaban kowa. Babu dokar da ta ce sai siririya, amma ɗalibai suna cewa, "Kwat ne ke zaɓe, ba malamai ba." Har labari ake bayarwa na wata da aka ce maɓalli ya fizge daga cikinta ya bugi gilashin malamin lissafi. Ba wadda ta gani da idonta, kuma ba wadda ta musa.

Da muka shiga ajin da ake zaɓe, suna biyu aka fara raɗe-raɗinsu, nawa da na Tsinke. Na so kwat ɗin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ne abu ɗaya da nake ganin na yi wa wahala, ga shi za a miƙa mata saboda ƙashin da aka haife ta da shi.

Dabarun rage ƙiba ba su da wuyar samu a ɗakin kwananmu. Wata tana shan ruwan zafi da lemon tsami da sassafe, wata tana da ganyen shayin da ke sa gudawa, wata kuma tana ɗaure cikinta tamau da ɗankwali a ƙarƙashin riga. Na haɗa duka ukun, na ƙara da nawa. Ranar Litinin a ɗakin cin abinci na tura mata farantina na shinkafa da wake.

"Yaya, lafiya?"

"Na ƙoshi. Ki cinye."

"Ko cokali biyu fa ba ki yi ba."

"Ke dai ci, kin ga wuyanki kuwa? Kada a ce a gida ba na kula da ke."

Ta kalle ni har idonta ya kawo ruwa, sannan ta ja farantin. Ba kulawa ba ce, ramin mugunta na gina. Lissafina shi ne abin da ya sauka daga jikina ya hau nata, ranar saka kwat maɓalli ya ƙi ɓalluwa a cikinta.

Sati tara tana cin rabon mutum biyu. Ina zaune ina kallon kowace loma, yawuna yana tsinkewa, ina duba kumatunta ko sun fara tasowa. Ko alama. An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni na gani da idona. Fatarta ta yi sheƙi, ta fara cin tseren gudu, tana kuma bi ɗaki-ɗaki tana ba da labarin cewa babu mai yaya irin tata.

Ni kuwa siket ya fara juyawa a ƙuguna, na yi ta murna. Amma kaina ba ya daina ciwo. In na buɗe littafi sai rubutun ya riƙa rawa, in karanta layi ɗaya sau uku ban riƙe komai ba. Ƙaramar yarinya ta taka mini takalmi, na yi mata tsawar da har malamar ɗakin kwana ta leƙo. A jarrabawar tsakiyar zango na zo ta bakwai, Tsinke ta shida.

Kafin a sanar da zaɓe, akan ba kowace 'yar takara rana ɗaya ta jagoranci taron safe. A ranata na hau dakali da takardar sanarwa a hannu. Na karanta ta farko lafiya. A ta biyu na ga layukan ɗalibai sun karkace, kunnuwana suka toshe. Da na buɗe ido ina kwance a ɗakin jinya, an kwance ɗankwalin da ke cikina an ajiye a kan kujera, Tsinke tana yi mini fifita da murfin kwali tana kuka.

"Laifina ne, Yaya," in ji ta. "Haɗamata ce. Ina ta cinye miki abinci, ban lura kina ƙarewa ba."

Ta jiƙa burodi a shayi tana ba ni a baki. Na ci, don ba ni da ƙarfin ƙi, kuma ban gyara mata zancen ba.

Bayan kwana uku shugabar makaranta ta kira ni ofishinta. Kwat ɗin yana rataye a jikin ƙofar kabad, an dawo da shi daga wanki. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Tun bara ke muka tsayar," ta ce. "Duk malamai bakinsu ɗaya. Amma zangon nan ban san abin da ya same ki ba. Karatu ya ja baya, yara suna tsoronki, tsayuwar minti goma ta gagare ki. Aikin nan yana son mai lafiya. Ƙanwarki za mu ba, ai duk gida ne."

Na ce na gode, Malama. Me zan ce?

Ranar miƙa mulki ina layin baya. Da aka saka wa Tsinke kwat ɗin, sai ya zubo mata kamar ta ari rigar kawu. Kafaɗun sun sauko, hannun ya rufe mata yatsu, sai da aka naɗe shi sau biyu. Aka yi dariya, aka yi tafi, ita ma tana dariyar. Ko a hakan ya yi mata kyau, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan.

Da rana, kafin ƙararrawar abinci, ta same ni zaune a bakin gado. Ta cire shi ta miƙo mini.

"Don Allah Yaya, ki saka in gani."

"Bar shi kawai."

"Sai kin saka. Ni fa a raina naki ne."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa gwada shi ba, ban ma taɓa taɓa shi ba. Na zura hannuwana, na ɓalla maɓallan uku ba tare da na riƙe numfashi ba. Tsinke ta zagaya bayana ta kama rarar yadin, ya cika mata hannu.

"Kai, Yaya, ke ma ya yi miki yawa," ta ce. "Da ba ki rame ba, da cif zai zauna miki. Kamar don jikinki na da aka ɗinka shi."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ita za ta tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci ta shirya layi, don haka na cire na riƙe mata ta saka. Ni na naɗe mata hannun.