Ranar da Alli Ya Faɗi Daga Hannuna

A shekarun da motoci ke sauke 'yan gudun hijira a Gombe, ni malamin firamare ne a Nasarawo, na ɗan haura arba'in, da mata da 'ya'ya huɗu. Abin alfaharina a duniya rubutun allo ne. Hedimasta kan kawo baƙi ajina su ga yadda nake jera baƙaƙe, ni kuwa in yi kamar ban lura ba. Darasin da na fi ƙwarewa a kai shi ne kiwon lafiya. Ku riƙe wannan.

Da yaran da suka tsero daga Borno da Yobe suka yi yawa, aka buɗe musu karatun rana, aka nemi masu sa kai. Na ɗaga hannu tun ba a gama tambayar ba. In koyar da safe, in koyar bayan azahar, bayan la'asar kuma in hau keke zuwa GRA yi wa 'ya'yan wani ma'aikaci darasi. A gida na bar wa kawuna da iyalinsa, da su ma suka yo gudun hijira, ɗakina, na koma zaure. Abincin rana na daina ci, don ba na iya buɗe kwano a gaban yaran da ban san ko sun karya ba. Ciwon kai ya zo ya tare a ƙeyata, na ji kunyar faɗa wa kowa. Wanda ke zaune da mutanen da suka kwana huɗu suna ratsa daji a ƙafa, da wane baki zai ce kansa na ciwo?

Mai kemis ɗin layinmu, wata 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Gombe, ita ta fara tsayar da ni. Wata rana ta ƙi ba ni maganin ciwon kai, ta ce ƙwaya ba tuwo ba ce da za a ci kullum, Ticha ya zauna a gwada jininsa. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta ce in tashi mu tafi asibiti, za ta rufe shago. Na yi mata lacca mai kyau a kan hawan jini. Ta saurara tsaf, ta ce karatun na ci, saura aikin. Na ce sai an gama jarrabawa. Washegari na canza kemis.

Mako biyu bayan nan, ina rubutu a ajin rana, alli ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na dubi allo, na ga layukana sun gangara ƙasa kamar tonon kaza. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Sai na kife kan teburi, ya kife da ni. Yaran nan ba abin da rayuwa ta koya musu irin gudu in sun ji ƙara. Suka fita da ihu, sauran azuzuwa suka bi, makaranta ta watse a kan an kawo hari. Ina kwance ina jin takunsu yana nisa. Malamar ajin kusa ce ta same ni, da ta dawo ɗaukar jakarta.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma na yi sa'a. Ya tambayi darasin da nake koyarwa, matata ta faɗa masa, ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Amma abin da ya fi girgiza ni zuwan hedimasta ne dubiya. Ya ce in kwantar da hankalina, an raba ajina tsakanin malamai biyu, komai yana tafiya daidai. Cikin mako guda! Ni da na ɗauka in na huta yini ɗaya rufin makarantar zai rufto. Kawu kuwa ɓacin rai ya yi. Ya ce sun rasa gida, ba su zo nan don su rasa mai masauki ba, da na faɗa masa halin da nake ciki, da shi ne ya koma zaure.

Na gane cewa wahalar wani ba ta rage hawan jinin wani, kuma kunyar da na ɗauka tausayi ce, rabinta girman kai ne. Ku masu hidimar jama'a, ku ci abinci, ku kwanta, in an ce ku je asibiti ku je a ranar. Yau ina tafiya da ƙafata, na koma aji, amma hannun dama rawa yake yi, da hagu nake rubutu. Hedimasta ya daina kawo baƙi.